Buhun Inna da Akwatin Jirgi

Jela na fara gani, ba mage ba. Ina zaune a tsakar gidan da muke haya a Gusau, littafi a kan cinyata, na kai daidai wurin da saurayi ya tsayar da motarsa a ƙofar gidan su budurwa, sai mai nono ta yi sallama. Doguwar Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Wanke, takan biyo ta layinmu da hantsi. Ta sauke babbar ƙwaryarta, ta ajiye ƙaramar da take zuba ludayi da ƙullin sukari a gefe. A nan na hango wata 'yar jela fara sol ta leƙo ta ƙarƙashin faifai, tana lilo a hankali kamar mai jin kiɗa.

Mai nonon ta ɗaga faifan tana dariya. Ta ce wannan 'yar banzar tun da ta buɗe ido ba ta san komai ba sai ƙarar ludayi a jikin ƙwarya, ko a ina take, da ta ji ƙwas-ƙwas sai ta sheƙo. Yau ma haka ta biyo ta har bakin titi, ta ga ba za ta koma ba, ta ɗauke ta. Na tambayi nawa za ta sayar mini. Ta kama haɓa, ta ce a ina na taɓa jin an sayar da mussa, in ina so in ɗauka, Allah ya sa mu ji daɗin juna.

Mussa muke cewa a wajenmu, ko da yake a littattafan da na taso da su mage ce ko kyanwa. Ni kuwa na taso da su sosai. Tun ina makarantar kwana nake haya da aron littattafan soyayya na kasuwa, masu hoton fure a bango, har na yarda cewa duk wani abu mai muhimmanci a rayuwa da kallon farko yake somawa. To, da 'yar mussar nan ta ɗago ta dube ni da idanunta masu ruwan ganye, sai na ce a raina shi ke nan, labari ya fara.

A lokacin maigidana bai daɗe da samun aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Jidda ba. Ya tafi ya bar ni da alkawarin zai nemo mini takardu in bi shi, takardun kuma suka yi ta jan ƙafa. Ba mu haihu ba tukuna. Gida ya yi mini faɗi, mussa ta cike shi. Nakan karanta mata littafi da ƙarfi, tana kwance a kan ƙafata, in an zo wurin rabuwar masoya in yi hawaye, ita kuma ta yi hamma. Na raɗa mata sunan kowace jaruma da na gama labarinta, ba wanda ya zauna, domin ba ta taɓa amsa ko ɗaya ba. Abu ɗaya take amsawa. Da mai nono ta zauna a zaure ta buga ludayinta, ko a kan katanga take sai ta diro.

Maigidana ba irin mazan littafi ba ne. Bai taɓa ce mini ni ce hasken idonsa ba. In ya kira waya, gaisuwa ce, sai ko an kawo wuta, sai ko na sha maganin da aka ba ni. Na jima ina jin haushin hakan a ɓoye. Ranar da takarduna suka fito, ya kira da murna, ni kuma na amsa a sanyaye. Ya tambayi lafiya. Na ce ina tunanin wanda zan bar wa mussa ne, can Jidda ban san kowa ba, shi kuma wuni yake a wurin aiki. Ya ce to, ya kashe wayar. Na kwanta ina cewa da jarumin littafi ne da ya rarrashe ni da kalmomi masu sanyi.

Bayan 'yan kwanaki ya sake kira, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Na tambaya. Jirgi zai ɗauke ta, amma sai an yi mata allura da takardu. Na sayi akwatin da suke yarda da shi, wani abokina zai zo miki da shi."

Na daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. Duk littattafan da na karanta, babu inda namiji ya faɗi maganar da ta kai wannan zaƙi.

Daga nan hidima ta tashi. Likitan dabbobi a Gusau ya yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, ya sa mata wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, wadda za a haska a filin jirgi a tabbatar ita ce ba wata ba. Akwatin ya iso, na roba mai kauri, da ƙofar ƙarfe da tagogin shan iska ta ko'ina. Likitan ya ce in riƙa ba ta abinci a ciki don ta saba, ranar tafiya kuma in lulluɓe shi da zani mara nauyi, kada in yi ta buɗewa ina tayar mata da hankali.

Da na mayar wa mai gidan haya makullinsa, sai na koma Bungudu wurin kakata in yi sauran makonnin da suka rage. Inna muke ce mata, ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Gajeruwar tsohuwa ce mai saurin tafiya da saurin magana, daddawarta kuwa har daga wasu unguwanni ake aiko saye. Da ta ga na shigo da akwati a hannu, mussa na leƙe ta ƙofar ƙarfe, sai ta ajiye muciya ta tsaya kallo.

"Ke ɗiyata, ƙasar Larabawa mussa ta ƙare ne?"

Na yi mata bayani, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ba ni nata. Ta ce mussa ta gida ce, ba ta mutum ba. Mutum ya tashi, ita tana nan inda ta saba. Ta ba ni labarin muzurun da ya addabi kajinta shekarun baya, aka kai shi bayan gari a kwando, kafin mai kai shi ya dawo ya riga shi isowa. Sai da aka sa shi a buhu aka ɗaure, bai ga hanya ba, sannan aka rabu da shi. Maƙwabta ma suka samu abin yi. Wata ta ce in tambaya ko za a yi wa akuyarta biza, wata ta ce ita mijinta ko Kaduna bai taɓa kai ta ba, ga mussa za ta hau jirgi. Inna tana taya su dariya, amma na lura in ta zauna tankaɗe, mussa na gefenta, tana jefa mata ɗan kifi busasshe tana zaginta.

Akwatin ne dai bai kwanta mata ba. Takan zagaya shi, ta sa yatsa a tagogin, ta girgiza kai. Wata rana ta ce, "Wanga abu duk ido ne. In tag ga hanya, dawowa za ta yi, ki zauna can kina kuka." Yayana, wanda zai kai ni Kano a motarsa in hau jirgi, ya ce Inna, ai sai ta iya iyo ta ƙetare Bahar Maliya. Inna ta ce shi bai san mussa ba.

Ranar tafiya muka yi sammako, saboda hanyarmu ba a yin yamma a kanta, kowa ya san wannan. Da kaina na sa mussa a akwati, na lulluɓe da zani, na ajiye a kujerar baya. Daga nan na shiga gidajen maƙwabta sallama, wannan ta yi addu'a, waccan ta yi kuka, wata ta ba ni saƙon a yi mata ɗawafi. Kafin in fito an gama loda kaya. Motar yayana irin doguwar nan ce da kaya da mutane ke ɗaki ɗaya, an cika bayanta har kusa da rufi. Inna ta rungume ni, abin da ba ta saba ba, ta ce in tafi hankalina kwance, ta gyara komai. Na ɗauka addu'a take nufi.

Na zauna kusa da akwatin, hannuna a kan zanin. Yayana ya kunna rediyo. Muka ratsa Gusau gari na farkawa, masu ƙosai na hura wuta, na sunkuya na ce wa akwatin ga garin da muka haɗu nan, mu yi masa sallama. Shiru. Na ce a raina baƙin ciki ne ya hana ta magana, haka jarumai suke yi in za su bar gida. Da duwatsun Kwatarkwashi suka bayyana, rana ta fara taɓa kawunansu, damina ta sa ƙasansu ya yi shar, sai zuciyata ta narke. Na yi wa akwatin dogon jawabi a kan ƙasar haihuwa, da yadda duk inda muka je za mu riƙa tuna waɗannan duwatsu, ni da ita, baƙi biyu a bakin teku. Yayana ya dube ni ta madubi ya ƙara sautin rediyo. Warin daddawa kuwa tun daga Bungudu nake jin sa, na ce Inna ta cika mini jaka da kayan miya, Allah ya saka mata.

A Tsafe muka tsaya shan mai. Na ce bari in ɗan ɗaga zanin in ga ko tana bukatar ruwa. Abin da na gani ta ƙofar ƙarfen shi ne tulin daddawa an jera ta tsaf, da ƙullin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da gwangwanin yaji, an cusa su har ba masaka tsinke.

Ban san irin ƙarar da na yi ba, na dai ga mai zuba mai ya saki bututu. Yayana ya leƙo, ya ga abin da nake nunawa, fuskarsa ko canzawa ba ta yi ba.

"Ai tana buhu," in ji shi. "Ga shi can saman kaya. Ina kika taɓa ganin an kai mussa wani gari ba a buhu ba? Na zaci kin sani."

"Kana ji ina yi mata magana tun daga Gusau."

"Ke da kike magana da littafi, don kin yi da akwati mene ne?"

Buhun garara ne, irin mai shan iska, an yi masa faci da guntun tsohuwar atamfar Inna, an ɗaure bakinsa da igiya, an ɗora shi can sama inda ba abin da zai danne shi. Na sauko da shi, na durƙusa a ƙasa na kwance igiyar, ina kiran ta da duk sunayen jaruman da na taɓa ba ta. Lafiyarta ƙalau, barci ma take yi. Amma da haske ya dake ta, ga ƙarar tirela, ga hayaniyar 'yan acaɓa, sai ta zabura ta bi ta tsakanin ƙafafuna, ta tsallaka kwata, ta shige cikin rumfunan bakin titi.

Yayana ya duba rana, ya duba ni. Ya ce zai jira iya abin da zai iya, amma in aka yi azahar dole mu kama hanya, da mussa ko babu, jirgi kuma gobe da safe ne, ba ya jiran kowa. Ban yi masa musu ba don na san gaskiyarsa.

Na shiga rumfa-rumfa da mayafina yana jan ƙasa. Mai shayi ya tambayi abin da ya ɓace, ko yaro ne. Da na ce mussa ce, ya maimaita wa na kusa da shi, na kusa da shi ya maimaita wa masu rake, kafin wani lokaci duk bakin titin ya san akwai wata Hajiya da za ta Saudiyya mussarta ta gudu. Dariya suka yi, amma sun tashi. Mai faci ya leƙa cikin tayoyinsa, masu doya suka ɗaga buhunansu. Wani dattijo ya zo mini da ƙaton muzuru mai kunne ɗaya a hammata, ya ce in karɓa kyauta, wannan ko ɓeran Makka ya gani sai ya kashe. Wata mata ta aiko da farar mage mai ciki, wai in na yi haƙuri biyar zan samu a madadin ɗaya. Na yi ta godiya ina bayanin cewa tawa akwai alama a wuyanta da za a haska, wata ba za ta shiga jirgi ba. Gaskiyar magana ko da za ta shiga, ba wata nake so ba.

Rana ta take. Na gaji, na zauna a kan wani benci a gindin dalbejiya, na fara shirya yadda zan gaya wa maigidana cewa akwatin da ya saya daddawa ya kawo masa. Ina tunanin ɗakin da ban taɓa gani ba a Jidda, da dogon wunin da zan riƙa yi a cikinsa ni kaɗai. Ladan ya fara gyara lasifika a masallacin da ke tsallake. Yayana ya taso daga jikin mota yana tafiya a hankali, irin tafiyar mai ɗauke da maganar da ba ya son faɗa.

Sai na ji ƙwas-ƙwas a bayana. Wata mai nono ce ta sauke kayanta a ɗaya gefen bishiyar, tana dama wa wani direba fura, ludayinta na bugun ƙwarya. Ba tawa ta Gusau ba ce, wannan dattijuwa ce, daga baya ta ce mini daga wajen 'Yankuzo take. Na tashi na durƙusa a gabanta, na ce don Allah ta ci gaba da bugawa, ta ƙara ƙarfi. Ta dube ni kamar mai tunanin ko rana ta taɓa ni. Da na gaya mata dalili, sai ta yi murmushi, ta miƙa wa direban furarsa, ta ɗauki ƙwarya da ludayi ta miƙe. Ta bi layin rumfunan tana bugawa, ni ina bin ta, rabin kasuwa na bin mu.

A kan rufin rumfar mai gyaran rediyo na hango mussa. Jela na fara gani, wannan karon ta yi baƙi da ƙura. Ta leƙo, ta saurara, ta diro kan buhunan gawayi, ta taho da gudu. Na buɗe hannuwana biyu kamar yadda ake yi a shafin ƙarshe. Ta wuce ni ko kallo babu, ta je ta dafa zanin mai nono tana kuka.

Kasuwa ta ɗauki shewa. Dattijuwar ta zuba mata nono a murfin roba, ta bari ta sha, sannan ta damƙe ta ta ƙeya ta miƙo mini. Ta ƙi karɓar komai, sai da na haɗa ta da Allah ta ɗauki daddawar Inna guda 'yan kaɗan, ta shinshina ta ce wannan hannun tsofaffi ne.

Muka juye kayan miyan a jaka, na goge akwatin iya yina, na sa mussa a ciki. Da mota ta tashi sai ta fara kuka tana yaƙushin ƙofa, zanin ma bai hana ba. Muna dab da fita gari yayana ya ce, ba don ya goyi bayan kowa ba, amma a buhu dai ba a ji bakinta ba. Na yi kamar ban ji ba. Can na jawo buhun na ninke, na tura mata ciki. Ta shinshina, ta zagaya sau biyu, ta cusa kanta a cikin ninkin, ta yi shiru har Kano.

A filin jirgi ma'aikacin da ya haska wuyanta ya duba takardu ya ce komai daidai, sannan ya matso da hancinsa kusa da akwatin ya tambaya ko miya aka yi a ciki. A Jidda maigidana ya tarbe mu, ya karɓi akwatin daga hannuna, ya leƙa, ya ce, "Sannunku da hanya." Mu biyu ya gaisar, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda zan iya faɗa.

Da na kira Inna a waya, na shirya mata ƙorafi mai tsawo. Ban kai rabi ba ta katse ni. Ta ce akwati mai kyau irin wannan, da iska ke shiga ta ko'ina, daddawa ce ta dace da shi don kada ta gumu, mussa kuma ga buhu, kowa an ba shi wurinsa. Abin da ya ɓata mata rai ɗaya ne, da na buɗe buhun a Tsafe. Ta ce yanzu mussa ta ga Tsafe, in ta gudu can za a neme ta.

Ba ta gudu ba. Ta saba da sanyin na'ura, ta saba da kallon tattabaru ta taga, ni ma na saba, na yi ƙawaye, na haifi 'ya'ya biyu da suka koyi tafiya suna riƙe da jelarta. Buhun nan kuwa shi ne shimfiɗarta har yau. Na saya mata katifar mage mai laushi, ta ƙi.

Bayan shekaru, 'ya'yan Inna da jikokinta suka haɗu suka biya mata Umara, ta sauka a wurinmu. Ta tsufa, saurin tafiyar ya ragu, na maganar yana nan. Tana shigowa falo ta hango buhun a lungu, ta gane facin atamfarta. Mussa ta taso ta shinshina ƙafarta, ta haye cinyarta ta kwanta kamar jiya suka rabu. Inna ta shafa ta, ta dube ni.

"Ta taɓa neman hanyar gida?"

Na ce a'a.

"To," in ji ta, ta ci gaba da shafa ta.

Yanzu Inna tana Bungudu, idonta ya yi rauni, ta bar wa matar yayana sana'ar daddawa, ita sai dai ta zauna ta ɗanɗana ta kushe. Tana da wata baƙar mussa da ke kwana a ƙafarta, ita da ta ce ba ta ajiye abin da ba ya ƙwai. Duk wanda zai tashi daga unguwar da mage, wurinta yake zuwa ta ɗaure masa bakin buhu da hannunta, domin an san nata ɗaurin ya kai har Jidda, kuma abin da ke ciki bai dawo ba.